Takobi da Hujja: Gidan Bagauda da Ƙasar Kudu a Zamanin Mangolawa

Dala da duwatsun kudu, zuwa 1194

Ƙasar da ta haɗa Birnin Kudu da Gwaram, wadda a yau take kudancin Jihar Jigawa bayan ta shafe ƙarnoni a ƙarƙashin Kano, tana da shaidar zaman mutane da ta girmi kowace sarauta da aka rubuta sunanta. A cikin kogwannin duwatsun da ke kewaye da Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, akwai zanen shanu marasa tozo, waɗanda makiyayan yankin ba sa kiwon irinsu a yanzu, kuma kusa da zanen akwai duwatsu masu amo irin na ƙararrawa idan aka buge su. Bernard Fagg, masanin kayan tarihi da ya yi nazarin wuraren a shekarun 1950, ya tarar har lokacin ana kai amare gindin ɗaya daga cikin duwatsun a ranar biki. Ana iya fahimta daga nan cewa tun kafin a sami sarki mai fada da dawaki, mutanen wannan ƙasa suna da wuraren da suke girmamawa da dattawan da ke tsaronsu, kuma duk baƙon da ya zo da nufin mulki dole ya san yadda zai yi da su.

Haka abin yake a Dala, dutsen da ke Kano. Littafin Tarihin Kano, wanda aka harhaɗa da Larabci a siffarsa ta yanzu a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Bello, ya buɗe ne da labarin Barbushe, babban mai tsafin Tsumburbura, wanda aka ce yana zaune a kan dutsen, ba ya saukowa sai ranakun da jama'a ke taruwa da baƙin akuya da baƙar kaza da baƙin kare, ya shiga shingen da ke kewaye da itacen tsafin shi kaɗai, ya fito ya faɗa musu abin da zai auku a shekara. An ce shi ne ya yi musu albishir da wani baƙo da zai zo ya mallake su. Wannan ruwaya ce, kuma amfaninta ga gidan sarauta a fili yake, tun da ta sa shugaban masu ƙasa da bakinsa ya tabbatar da mulkin wanda ya zo daga baya. Baƙon shi ne Bagauda, wanda ruwayar Daura ta ce ɗan Bawo ne, jikan Bayajidda, ɗan sarkin Bagadaza da ya kashe macijin rijiyar Kusugu. H. R. Palmer, da ya fassara littafin a 1908, shi ne ya fitar da shekarar 999 a matsayin farkon mulkin Bagauda, ta hanyar lissafa tsawon mulkin kowane sarki yana komawa baya, saboda haka shekarun sarakunan farko kiyasi ne, sai an kusanto ƙarni na 15 suke ƙara ƙarfi. Bisa wannan lissafi, Gijimasu (1095 zuwa 1134) ne ya fara ginin ganuwa, ɗansa Yusa, wanda ake kira Tsaraki, ya kammala ta kafin 1194. Ganuwa ta ba gidan Bagauda mafaka da kwarjini, amma halaccin mulki, wato yardar manya da talakawa cewa wanda ke kan gado shi ya cancanci biyayya, ya ci gaba da zama a rabe tsakanin fada da gindin Tsumburbura.

Guguwar gabas, 1206 zuwa 1262

A daidai lokacin da Kano ke fama da wannan matsala, sarakunan gabashin duniyar Musulmi sun gamu da ita ta fuska mafi muni. A 1206 ƙabilun Mangolawa, waɗanda littattafan Larabci suka fi kira Tatar, suka haɗu a ƙarƙashin Jankis Khan, kuma tsakanin 1219 da 1221 suka rushe daular Khawarizmi, suka ƙone Bukhara, suka hallaka mutanen Marwa da Naisaburi. Kafin wannan lokaci, sarkin Musulmi da ke son a san shi da halacci yakan nemi abu uku: takardar naɗi da alkyabba daga halifan Abbasiyawa na Bagadaza, ambaton sunansa bayan na halifa a huɗubar Juma'a, da buga sunayen biyu a kan kuɗi. Mangolawa kuwa sun zo da tasu aƙida, cewa sama ta mallaka wa zuriyar Jankis Khan duniya baki ɗaya, don haka ba su san ƙawance tsakanin tsara da tsara ba, sai dai mai biyayya da ɗan tawaye. Mai biyayya yakan je fadar Khan da ƙafarsa, ya kai haraji da mayaƙa, a ba shi yarlig, wato takardar umarni da ke tabbatar da shi a kan ƙasarsa, da faiza, wani allo na zinariya ko azurfa da ke nuna matsayinsa.

Ƙananan gidajen sarauta da suka tsira su ne waɗanda suka iya raba ƙafa. Barak Hajib, wanda ya kafa mulki a Kirman bayan 1222, ya karɓi laƙabin sultan daga halifa, ya kuma miƙa wuya ga Mangolawa suka tabbatar da shi. Abubakar ɗan Sa'ad na gidan Salghur, mai mulkin Shiraz daga 1226 zuwa 1260, ya riga rundunar isowa da haraji, ya tsirar da birninsa daga wuta, daga baya kuma jikarsa Abish Khatun ta auri ɗan Hulaku (shi Hulaku jikan Jankis Khan ne), auren da ya ɗaukaka gidan kafin ya haɗiye shi. A Mosul, Badruddin Lu'lu'u, wanda asalinsa bawa ne, ya sami takardar halifa a farkon shekarun 1230, amma da Hulaku ya yi wa Bagadaza ƙawanya ya taimaka masa, bayan an ci birnin kuma ya tafi gaisuwa yana tsoho tukuf. Wannan dabara ba ta daɗe ba, domin da ɗansa ya juya baya aka ci Mosul a 1262 aka kashe ɗan nasa.

A watan Fabrairu na 1258 Bagadaza ta faɗi, aka kashe halifa Musta'asim, gidan da ya shafe shekara 500 yana raba wa sarakuna hujja ya rushe. Waɗanda suka tsayar da Mangolawa a Ainu Jalut a watan Satumba na 1260 su ne Mamlukawan Masar, bayin soja da aka sayo daga filayen arewacin Bahar Aswad, da yawansu ma yaƙin Mangolawan ne ya jefa su kasuwar bayi. Baibars, wanda ya kashe Sultan Ƙutuz bayan nasarar ya hau gado, ba shi da uban da zai yi tinƙaho da shi, ga kuma jinin magabacinsa a hannunsa. Maganin da ya samu shi ne wani ɗan gidan Abbas da ya tsere zuwa Alƙahira: a 1261 aka tara alƙalai suka tabbatar da nasabarsa, aka yi masa mubaya'a da sunan Mustansir, shi kuma ya naɗa Baibars sultan. Da wannan halifa ya hallaka a yunƙurin ƙwato Bagadaza da 'yar ƙaramar runduna, aka naɗa Hakim a 1262, kuma zuriyarsa ta zauna a Alƙahira, ba soja ba baitulmali, aikinta sa hannu a takardun naɗi. Mahayan Mangolawa ba su taɓa tsallako Nilu ba, balle su ga Sahara, amma sun jawo abin da ya shafi ƙasar Sudan, wato ƙasashen da ke kudu da Sahara, kai tsaye, domin halifa da manyan malaman da suka yi hijira yanzu suna zaune a birnin da ayarin alhazan Takrur, wato Afirka ta Yamma, ke yada zango.

Kano da maƙwabtanta, 1194 zuwa 1349

Sarakunan Kanem da Mali sun riga Hausawa ganin wannan ƙofa. Tun a shekarun 1240, kamar yadda Maƙrizi ya rubuta, mutanen Kanem suka ba da kuɗin gina makarantar Ibn Rashiƙ a Masar domin ɗalibansu da alhazansu, kuma Ibn Khaldun ya ambaci kyautar da sarkin Kanem ya aika wa Mustansir na gidan Hafsi a Tunis a 1257, ciki har da raƙumin dawa, wanda ya tara jama'a kallo. Wannan Mustansir na Tunis ya riga ya ɗauki laƙabin halifa, Makka ma ta yi masa mubaya'a shekara guda bayan faɗuwar Bagadaza, kafin Alƙahira ta ƙwace fagen. A cikin gida kuwa, ruwayar Barno ta ce Mai Dunama Dibbalemi ya buɗe mune, wani abu naɗaɗɗe da kakanninsa ke fita yaƙi da shi ba tare da kowa ya san abin da ke ciki ba, kuma Imam Ahmad ɗan Fartuwa, a ƙarni na 16, ya ɗora alhakin fitinun da suka biyo baya a kan wannan buɗewa. Daga Mali, Mansa Uli ya yi aikin hajji a zamanin Baibars kansa, Mansa Musa kuma ya sauka Alƙahira a 1324.

Kano a waɗannan shekaru tana kokawa ne da abin da ke bakin ƙofarta. Naguji (1194 zuwa 1247), wanda mulkinsa ya zo daidai da na Jankis Khan da ɗansa Ogodai, shi littafin ya ce ya fara karɓar kashi ɗaya cikin takwas na amfanin gona daga kowane manomi, kuma sarkin da ya fara sa hannu a rumbun talaka yana bukatar hujjar da ta fi mashi. Magajinsa Guguwa (1247 zuwa 1290), wanda a zamaninsa Bagadaza ta faɗi, ya nemi masu tsafi su faɗa masa asirin abin bautarsu suka ƙi, an ce kuma da ya tunkari wurin da ƙarfi ya makance. Shekarau (1290 zuwa 1307) ya zaɓi sulhu duk da rabuwar kan fadawansa, ya karɓi gaisuwarsu ya bar musu al'adunsu. Tsamiya (1307 zuwa 1343) ne ya fasa shingen Tsumburbura da yaƙi, amma abin lura shi ne abin da littafin ya ce ya yi bayan nasara: ya sa dattawan suka bayyana masa asirin, sa'an nan ya ba shugabanninsu sarautu. Ke nan bai kawar da tsohon iko ba, ya shigo da shi fada ya ɗaura masa rawani. Ƙarshensa kuwa ya nuna inda gidan ke da rauni, domin ɗan'uwansa Usumanu Zamnagawa ne ya kashe shi ya hau gado.

Nasabar Bagadaza da ruwayar Bayajidda ta ba sarakunan Hausa tana da 'yan'uwa a maƙwabta: gidan Saifawa na Kanem ya ce daga Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman ya fito, gidan Keita na Mali kuma ya jingina kansa da Bilal, ladanin Manzon Allah. Ba tarihi ba ne a ma'anar abin da aka shaida aka rubuta, amma da'awa ce da aka yi aiki da ita a hukumance, domin a wasiƙar da Mai Usmanu ɗan Idris ya aika wa Sultan Barƙuƙ a 1391, wadda Ƙalƙashandi ya adana, ya gabatar da nasabarsa ta Saifu kafin ya kai ƙarar Larabawan Juzam da ke kama Musulmin Barno suna sayarwa.

Yaji, Wangarawa da Warji, 1349 zuwa 1410

Yaji ɗan Tsamiya ya hau gado a 1349, lokacin da daular Ilkhan ta zuriyar Hulaku ta riga ta wargaje, bayan sarkinta Ghazan ya musulunta a 1295 ya nemi hujja daga addinin mutanen da kakanninsa suka ci da yaƙi. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Yaji ne Wangarawa, malamai kuma fatake daga Mali, su kusan arba'in, suka iso ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, suka umarci sarki da salla, ya karɓa, ya naɗa Gurdamus limami, Lawal ladan, Auta mai yanka, Zaite kuma alƙali, aka gina masallaci a gindin itacen tsafi. Sunayen wasunsu suna raye a unguwannin birni irin su Mandawari da Sheshe. Akwai saɓani a nan da ya kamata a faɗa, domin wani littafi na 1650, Aslul Wangariyyin, ya ce sun bar Mali ne a shekarar Hijira 835, wato kusan 1431, suka iso Kano a zamanin Rumfa. Mai yiwuwa zuwan nasu ya kasu kashi-kashi, marubutan kuma kowa ya jingina shi ga sarkin da ya fi so.

Abin da Yaji ya nema daga baƙin malamai shi ne nasara a kan Santolo, garin kan dutse a kudu da Kano da ya gagari kakanninsa. An ce Wangarawa sun fita tare da runduna, suka kewaye garin da addu'a har aka ci shi. Daga nan ya wuce Warji, dutsen da ke kudu da Birnin Kudu, yamma maso kudu da Gwaram, wanda Warjawansa har yau maƙwabtan mutanen garuruwan biyu ne, ya zauna can wani lokaci, daga baya ya kai hari Kwararrafa. Wannan shi ne karo na farko da ƙasar da ke tsakanin Kano da duwatsun Bauchi ta fito sarari a labarin, kuma ta fito ne a matsayin filin da sabon addinin fada ke nuna ƙarfinsa.

Musuluncin fada a lokacin bai yi saiwar da za ta hana komawa baya ba. Kananeji ɗan Yaji (1390 zuwa 1410), wanda aka ce shi ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali, ya sha kaye a hannun Zazzau, sai ya nemi shawarar Sarkin Tsibiri, na ɓangaren masu tsafi, shi kuma ya ce ya raya abin da ubansa da kakansa suka rushe. Labarin ya ce sarki ya yi yadda aka ce, aka ɗinka masa huffi da fatar jan maciji, aka yi ganguna da reshen itacen, ya koma ya ci Zazzau. Ɗansa Umaru kuwa malami ne, ya yi shekara goma sha biyu a gado sa'an nan ya sauka ya koma ibada. A cikin gida ɗaya, a jere, an ga uba ya rungumi tsafi don ya riƙe mulki, ɗa ya saki mulki don ya riƙe addini.

Zaman Kudu, 1421 zuwa 1463

A zamanin Dauda (1421 zuwa 1438) wani ɗan sarautar Barno da ake kira Dagaci ya iso Kano da jama'a mai yawa, da tambura da tutoci, ya zauna a Ɗorayi, Kanawa suka ga yadda sarautar gabas ke nuna kanta. Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452) ne littafin ya ce ya fara kai wa Barno gaisuwa, wato kyautar da ƙaramin sarki ke kai wa babba don a bar shi ya zauna lafiya a kuma san da shi, ya buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja, ya kuma fara mallakar raƙuma a ƙasar Hausa. Matsayinsa a gaban Mai ya yi kama da na Abubakar na Shiraz a gaban Khan.

Abin da ya kai gabas kuwa daga kudu ya samo shi. Littafin ya ce Burja ya fita ya kafa sansani a wani wuri da ya kira Kudu, wanda masana da dama ke ɗauka Birnin Kudu ne, ya shekara ɗaya da wata shida a can, ya kuma je Dutse, daga nan Galadima Dawuda ya ce masa ya koma gida shi zai ci gaba da yaƙin. An ce Galadima ya yi shekara bakwai a kudu, duk wata biyu yana aika bayi dubu, a ƙarshe kuma ya kafa garuruwa ashirin da ɗaya, kowanne da bayi dubu. Alƙaluman nan na marubucin fada ne mai son kambama ubangidansa, ba a kama su da hannu biyu, amma ma'anarsu ba ta ɓuya: gonaki da rinji da ayarin da suka ɗaukaka Kano a ƙarni na 15 an gina su ne da wuyan mutanen da aka kamo daga duwatsun kudu, waɗanda littafin bai adana sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Duk wanda ke karanta wannan tarihi a Gwaram ko Birnin Kudu yana karanta labarin ƙasar da ta biya kuɗin girman wani.

Bayan yaƙi sai aure. Littafin ya ce Burja ne sarki na farko da ya auri 'yar Sarkin Dutse da 'yar Sarkin Shira da 'yar Sarkin Rano, har da 'yar Galadima. Idan aka dubi taswira za a ga Dutse tana arewa da Birnin Kudu, Shira tana gabas, kafaɗa da kafaɗa da ƙasar Gwaram, Rano kuma tana yamma, wato surukutar ta kewaye yankin ta fuska uku, ta bar fuskar Warji kawai a buɗe ga mahara. Riba ta kowane ɓangare ce. Sarkin Kano ya sami amintattun hanyoyi da jinin tsofaffin gidaje a jikin 'ya'yansa, ƙananan sarakunan kuma sun tashi daga waɗanda ake kai wa hari sun zama surukan sarki, suna da 'ya a cikin gida mai isar musu da magana, kuma a gaban talakawansu suna da shaidar cewa babban birni ya san da su. A zamanin Yakubu (1452 zuwa 1463) aka ce Fulani sun zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga, suka ƙaru a kan Alƙur'ani da fiƙihu da hadisi da ake da su, abin da ya share fagen tambayar da ba a taɓa yi wa sarki a fili ba, wato ko mulkinsa ya dace da shari'a.

Rumfa da halifan Alƙahira, 1463 zuwa 1517

Ƙarshen ƙarni na 15 shi ne lokacin da abin da Baibars ya dasa a 1261 ya yi 'ya'ya a ƙasar Sudan. Jalaluddin Suyuɗi ya rubuta cewa a 1484 wani sultan na Takrur ya biyo Alƙahira a hanyar hajji, ya nemi halifa ya naɗa shi a kan ƙasarsa, shi Suyuɗin ne kuma ya tsara takardar. Masana da dama suna ganin Mai Ali Gaji ne, wanda ya gina Birnin Gazargamu. Suyuɗi ya kuma aika wasiƙar nasiha ga sarakunan Takrur, ya ambaci Sarkin Agadas da Sarkin Katsina Ibrahim. Askiya Muhammadu, wanda ya ƙwace mulkin Sanwai daga ɗan Sunni Ali a 1493 ba tare da gadon sarauta ba, ya tafi hajji a 1496 ya komo da naɗin wakilin halifa. Tarikhus Sudan ya ce halifan Abbasiyawa ne ya naɗa shi, Tarikhul Fattash kuma ya jingina naɗin ga Sharifin Makka. Bukatarsa iri ɗaya ce da ta Baibars, maganin ma daga gida ɗaya ya fito.

Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) yana da gado tabbatacce, saboda haka abin da ya nema shi ne ya ɗaga sarauta sama da manyan gidajen da ke iya naɗa sarki su tuɓe shi, kamar yadda aka ga sarakuna biyu kafin ubansa, ɗaya ya kwana ɗaya a gado ɗaya ya kwana bakwai. Ya gina sabuwar fada, Gidan Rumfa, ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa kasuwar Kurmi, ya tsara majalisar Tara ta Kano, ya ba bayi da babanni manyan muƙamai don su zama nasa shi kaɗai, ya fara kulle, ya fito da kakaki da figini da takalmin gashin jimina, ya kuma fara hawan sallar Idi a fili inda talakawa ke ganin sarki yana bin liman. Wajen 1492 Muhammadu ɗan Abdulkarim Magili na Tilimsan ya sauka Kano, bayan rikicinsa da Yahudawan Tuwat, ya rubuta wa Rumfa littafin Tajuddin a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, inda ya shimfiɗa masa cewa mulki amana ce, ya sa ido a kan ma'aikatansa, ya zauna kullum inda mai rauni zai iya kai kuka, ya karɓi dukiya ta halal kawai, ya raba ta yadda shari'a ta ce. An ce a lokacin ne aka sare itacen tsafin aka gina hasumiya a gurbinsa. Magili ɗin nan ne ya wuce Gawo ya amsa tambayoyin Askiya, ya ba shi fatawar da ta halatta kifar da gidan Sunni Ali. Hujjar da ya ba Rumfa tana da kaifi biyu, domin sarkin da ya yarda cewa adalci da shari'a ne tushen mulkinsa ya ba malamai ma'aunin da za su auna jikokinsa da shi. A 1517 Sultan Salim na Usmaniyya ya ci Masar, ya tafi da halifa na ƙarshe Istanbul, daga nan sarakunan Barno suka karkata wasiƙunsu can, kamar yadda Mai Idris Alauma ya yi a shekarun 1570.

Dirki da tuta

Tsohon iko bai mutu da saran itace ba. Daga zamanin Muhammadu Zaki (1582 zuwa 1618) littafin yana ambaton Dirki, wanda aka ce Alƙur'ani ne da aka naɗe da fatu, ana yanka masa shanu, kuma an ce da Muhammadu Alwali ya sa aka fasa shi da gatari mutane suka gaya masa za a kore shi daga ƙasar. Malaman jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya fara a 1804, sun kafa hujja da rubuce-rubucen Magili a kan irin wannan haɗa Musulunci da al'adun tsafi, suka karɓi tuta daga Shehu, suka ci Kano, aka kashe Alwali a Burumburum wajen 1807. Sarki Ibrahim Dabo (1819 zuwa 1846), da tawaye ya taso masa ta ko'ina, ya nemi izinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya farfaɗo da sarautu da kayan sarautar gidan Bagauda, aka ba shi. A ƙarƙashin wannan tsari Sarkin Kudu da Sarkin Dutse da Sarkin Rano da Sarkin Gaya suka ci gaba da riƙe ƙasashensu da naɗin Kano, suna tsare iyakar kudu daga hare-haren Ningi a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Birnin Kudu da Gwaram suka koma ƙarƙashin masarautar Dutse.